Idan abokin gaba ya ɗaga hannu: abin da za ka yi da shi

Ɗan'uwa soja, mintunan farko bayan mutum ya miƙa wuya su ne mafi hatsari gare shi, kuma gare ka. Jininka na tafasa, mai yiwuwa yanzu aka harbi abokinka. Ni dai abin da nake so ka haddace tun kafin ranar shi ne wannan: fursunan yaƙi ba naka ba ne. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Geneva ta Uku, dokar ƙasa da ƙasa kan fursunonin yaƙi, wadda aka sa wa hannu ranar 12 ga Agusta 1949, ya ce yana hannun ƙasar da ta kama shi ne, ba hannun sojan ko rundunar da ta cafke shi ba. Amana ce aka ɗora maka, za a tambaye ka.

Tun kafin ya fito ma akwai ƙa'ida. Idan ya ɓuya a rami ko ɗaki, kada ka jefa masa gwangwanin barkonon tsohuwa don ka fito da shi. Sojoji da yawa suna mamakin wannan, tunda 'yan sanda na amfani da shi wajen tarwatsa zanga-zanga. Yarjejeniyar hana makamai masu guba ta 1993 ta haramta shi a matsayin makamin yaƙi. Dalilin a bayyane yake: wanda hayaƙi ya turnuƙe ba shi da lokacin tantance ko wane iri ne, sai ya ɗauka guba ce, ɓangarensa ya rama da abin da ya fi muni. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da hayaƙi mai sa hawaye aka fara a 1914, zuwa 1915 an kai ga iskar kulorin mai kisa. Ka kira shi da murya, ka nuna masa hanyar fitowa.

Da ya fito, ka sa ya ajiye makami, abokinka ya tsare maka yayin da kake caje shi. Karɓe bindiga, harsashi, taswira da takardun soja. Amma ka bar masa hular kwanonsa da takunkumin kariya daga iskar gas, domin har yanzu yana inda wuta ke zuba. Katin shaidarsa ka duba ka mayar masa. Zobe, hoton iyali, alamar muƙami, duk nasa ne. Kuɗi ba a karɓa sai da umarnin hafsa, a rubuta adadin, a ba shi rasit. Agogon fursuna a hannunka sata ce, komai sunan da aka raɗa mata.

In yana da rauni, a yi masa magani bisa tsananin raunin, ba bisa kakin da ke jikinsa ba. Ka ba shi ruwa.

Wajen tambaya ne na fi so ka natsu. Abu huɗu kawai doka ta wajabta masa ya faɗa: cikakken sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Kana iya tambayarsa wasu abubuwa, shi kuma yana da damar yin shiru. Sashe na 17 na Yarjejeniyar Geneva ta Uku ya hana duka, barazana, zagi, ko hana shi wani haƙƙi don ya ƙi magana. Kuma a yi tambayar cikin harshen da yake ji. Na san za a ce maka bayanin da ke bakinsa zai ceci rayuka. Wanda ake azabtarwa yakan faɗi duk abin da zai sa a ƙyale shi, gaskiya ko ƙarya, kai kuma ka ɗauki laifin yaƙi a wuyanka.

Wayarka ta zauna a aljihu. Sashe na 13 ya kare fursuna daga wulaƙanci da zama abin kallon jama'a. Bidiyon da ka ɗora a Facebook uwarsa za ta gani, kuma yana iya jawo wa danginsa fitina a ƙasarsu.

Sai ka rubuta sunansa, wuri da lokacin da aka kama shi, ka tura shi baya, nesa da filin daga, da wuri. Rubutun nan ne ke hana mutum ɓacewa. Cikin mako guda da isarsa sansani dole a ba shi kati ya sanar da iyalinsa da kuma hukumar bin sawu ta Kwamitin Red Cross na Duniya da ke Geneva. Wakilan kwamitin suna da ikon ziyartarsa su gana da shi ba tare da mai gadi na saurare ba.

In kuna 'yan kaɗan, ba halin tafiya da shi fa? Ƙarin farko da aka yi wa yarjejeniyoyin Geneva a 1977 ya amsa: ku sake shi, ku yi iya ƙoƙarinku don kada ya halaka. Harbe shi ba ya cikin zaɓi, ko da wani na sama da kai ne ya ba da umarnin. Kuma ko yaƙin na cikin gida ne, inda babu matsayin fursunan yaƙi a doka, sashe na 3 da ke cikin duka yarjejeniyoyin Geneva huɗu ya hana kisa, azabtarwa, garkuwa da wulaƙanta duk wanda ya ajiye makami.