Kurakuran da Ke Mayar da Tikitin Araha Mai Tsada

Farashin da ke fara bayyana a allo in kana neman tikitin jirgi ba shi ne kuɗin tafiyarka ba. Kuɗin kujera ne kawai, wani lokacin ma kujerar ba kai za ka zaɓa ba. Kamfanonin jiragen araha irin su Ryanair da Wizz Air da easyJet sun gina kasuwancinsu a kan raba tafiya gunduwa-gunduwa: kujera daban, jaka daban, abinci daban, shiga jirgi da wuri daban. Ba yaudara ba ce, komai a rubuce yake. Matsalar ita ce mafi yawan matafiya ba sa karanta sharuɗɗan sai sun isa gaban ma'aikacin awon kaya, inda babu sauran ciniki.

Saboda haka kafin ka kwatanta tikiti biyu, yi lissafi daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar masaukinka: tikiti, jaka, motar zuwa filin jirgi, motar shiga gari, da kwanan otal in sauyin jirgi zai kai ka dare. Sau da yawa wanda ya fi tsada a allo shi ke fin sauƙi a ƙarshe.

Filin jirgin da ba ya cikin garin da ya ari sunansa

Filin da ake kira Paris-Beauvais yana da nisan kusan kilomita 85 daga Paris, tafiyar fiye da awa guda a bas. Frankfurt-Hahn ya fi haka, kusan kilomita 120 daga Frankfurt. Wanda ya sauka can da sha ɗaya na dare bayan bas na ƙarshe ya tashi, kuɗin tasi kaɗai zai cinye abin da ya rage a tikiti.

Gyaran mai sauƙi ne. Kowane fili yana da haruffa uku da ake gane shi da su, a duba su, kada a tsaya ga sunan gari. A Landan, LHR Heathrow ne, LGW Gatwick, STN Stansted. A Istanbul, IST yana ɓangaren Turai, SAW kuma yana ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo cikin cunkoso. In ka ga tikitin da zai sauke ka a ɗaya ya ɗauke ka a ɗayan, ka sani kai za ka kwashi kayanka ka kai kanka, kuma dole sai ka shiga ƙasar, wanda zai iya buƙatar biza.

Kaya

Babu awo ɗaya da duk kamfanoni suka yarda da shi. Jakar hannun da ta wuce a wani jirgin, wani zai ce ta yi girma. A mafi arahar tikiti, abin da aka ba ka kyauta ƙaramar jaka ce da za ta shiga ƙarƙashin kujerar gabanka, ba mai taya da ake sawa a ma'ajiyar sama ba. Ana awo har da tayoyi da mariƙi. Sayi nauyin kaya tun lokacin sayen tikiti, domin a filin jirgi farashinsa yakan ninka, a bakin ƙofar shiga jirgi kuma ya fi ko'ina tsada.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa jaka biyu masu kilo 23 daidai suke da kilo 46 da za a raba yadda aka ga dama. Inda ake lissafi da jaka, kowace tana da iyakarta. In ɗaya ta kai 27 ɗaya 19, za a caje ka a kan ta farkon. Yawancin kamfanoni kuma ba sa karɓar jaka ɗaya da ta haura kilo 32 ko da za ka biya, saboda masu ɗaga ta.

Ruwa, turare, man shafawa da man goge baki a jakar hannu: a mafi yawan filaye kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Wasu filaye masu sababbin na'urori sun sassauta, amma filin da za ka dawo ta cikinsa ba lallai ya sassauta ba. Fawa bank kuwa akasin haka ne, ba a sa shi a jakar da za ta shiga cikin jirgi ta ƙasa, a hannu ake riƙe shi, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Mai 20,000mAh yana wucewa ba matsala. In ya haura kusan 27,000mAh sai da izinin kamfani.

Suna da lokaci

Rubuta suna yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Gyaran harafi ɗaya ko biyu wasu kamfanoni na yi kyauta, amma sauya suna gaba ɗaya kan kai kuɗin sabon tikiti.

Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:40 ranar 15 ga wata, daren 14 za ka je fili. Mutane da dama na zuwa daren 15 su tarar jirginsu ya tashi awa ashirin da suka wuce. Duk lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da abin zai faru ne, tashi da agogon inda za a tashi, sauka da agogon inda za a sauka. Sannan lokacin tashi ba shi ne lokacin da ya shafe ka ba: ana rufe karɓar kaya minti 40 zuwa 60 kafin tashi, ƙofar shiga jirgi kuma minti 15 zuwa 30. In kamfaninka na araha ne, yi rajistar shiga jirgi ta intanet tun a gida, domin wasunsu na cajin kuɗi mai kauri in ka bari sai a teburin kamfanin a filin jirgi.

Tikiti biyu ba tikiti ɗaya ba ne

Nan ne aka fi yin asara mai yawa. In ka sayi tafiya mai yada zango a tikiti ɗaya, mai lambar ajiya ɗaya, kamfani ne ya ɗauki nauyin kai ka ƙarshen tafiya. Jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, su za su sa ka a wani ba tare da ƙarin kuɗi ba, kayanka kuma galibi suna wucewa kai tsaye.

In kuwa tikiti biyu ne daban, ko kai ka haɗa su ko wani shafin kwatanta farashi ya haɗa maka, kamfani na biyu bai san da na farko ba. Ka makara, a wurinsu ba ka zo ba ne kawai, tikitinka ya ƙone. Bugu da ƙari sai ka bi layin shige da fice, ka ɗauki jakarka, ka sake miƙa ta, ka sake bin bincike. Awa biyu ba ta isa wannan. Wanda ya ga dole sai ya yi haka, ya bar aƙalla awa huɗu zuwa biyar a tsakani, ko ya kwana, ya kuma tabbatar fasfonsa na ba shi damar shiga ƙasar da zai sauya jirgi.

Akwai wata ƙa'idar da ke da alaƙa da wannan wadda mutane ba su cika sani ba. A yawancin manyan kamfanoni, in ka tsallake zango ɗaya na tikitinka, ana soke duk sauran zangunan da ke bayansa. Wanda ya rasa jirgin tafiya ya sayi wani ya tafi, yana ganin na dawowarsa na nan, sai ranar komawa ya tarar babu sunansa. Da zarar ka ga za ka rasa jirgi, kira kamfanin kafin ya tashi, kada ka bari sai bayan ya tashi.

Fasfo da biza

Fasfon da bai ƙare ba, ba lallai ne ya isa ba. Ƙasashe da yawa na son ya rage masa wata shida. Ƙasashen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, na son ya rage masa wata uku bayan ranar da za ka fita, kuma ya zama an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce. Kamfanin jirgi ne zai fara tare ka, domin in aka mayar da kai daga can, shi ake ci tara.

A jikin bizar Schengen akwai abu biyu da ake rikitawa: ranakun da bizar ke aiki, da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Biza na iya aiki wata uku amma kwana 15 kawai aka ba ka. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su, kuma iyakar zaman baƙunci kwana 90 ne cikin kowane kwana 180. Ana neman bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Birtaniya da Ireland ba sa cikin wannan yanki, bizarsu daban.

Yada zango ma na da tarkonsa. Tafiyar da za ta tsaya a filaye biyu na Schengen, misali Paris sannan Frankfurt, jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida ne, don haka sai ka shiga yankin, sai da cikakkiyar biza. A Amurka kuwa duk wanda zai sauya jirgi sai ya bi ta shige da fice, ko da awa biyu zai yi.

Magunguna: tramadol da masu ɗauke da kodin suna ƙarƙashin tsauraran dokoki a ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar. Riƙe magani a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Tsabar kuɗi kuma in ta kai yuro 10,000 wajen shiga ko fita Tarayyar Turai, ko ta haura dala 10,000 a Amurka, dole a bayyana wa kwastan. Ɗaukarta ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi.

Kuɗi a baƙon gari

Canji a filin jirgi shi ne mafi muni. Canza abin da zai kai ka masauki kawai. Allon da ya ce babu kuɗin kamasho, a farashin canjin ya ɓoye ribarsa, don haka tambayar da za ka yi ita ce nawa za a miƙo maka a hannu.

In na'urar cire kuɗi ko ta biyan kuɗi a shago ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ko da kuɗin katinka, zaɓi na ƙasar da kake. Zaɓi na biyu na kama da taimako tunda ka ga adadin da ka saba, amma mai na'urar ne zai yanke farashin canjin, kuma ba don amfaninka zai yanke ba. Tafi da kati biyu a wurare biyu, ka sanar da bankinka za ka yi tafiya. Otal da yawa na riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina, ba ya dawowa sai bayan kwanaki, a birane kamar Rum da Amsterdam kuma akwai harajin baƙi na kowane dare da ba koyaushe yake cikin farashin da ka gani ba.

Cikin gari

Baƙo ko da ido makaho ne, kuma a tikitin jirgin ƙasa ake fara gane haka. A Berlin babu shinge a tashoshi, kana iya shiga ba wanda ya tambaye ka, amma tikitin takarda sai an buga masa hatimi a ƙaramar na'urar da ke dandamali. Wanda bai buga ba daidai yake da marar tikiti, tarar yuro 60 ce, rashin sani kuma ba ya ceto. Haka tikitin takarda na jiragen yanki a Italiya. A Landan bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma da katin da ka taɓa wajen shiga da shi za ka taɓa wajen fita, in ka shiga da kati ka fita da waya za a ɗauke su tafiya biyu da ba a kammala ba.

Otal mai araha a bayan gari na cin awa biyu a kullum da kuɗin mota. Duba nisansa da tasha, ba nisansa da tsakiyar gari a taswira ba. Duba ranakun hutu ma: gidan tarihi na Louvre da ke Paris a rufe yake ranar Talata, yawancin shagunan Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, manyan wuraren ziyara kuma sun koma sayar da tikiti mai ƙayyadadden lokaci da kan ƙare kwanaki kafin ranar. Wuri biyu ko uku a yini sun isa; wanda ya jera takwas, cikin mota zai yi yawon buɗe idonsa.

Tasi kuma a layin hukuma ake hawa, ba wurin wanda ya tare ka a zauren sauka yana jan jakarka ba. Sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet, ka rubuta adireshin masauki a takarda, ka kashe datar layinka na gida kafin jirgi ya sauka.

In abu ya ɓaci

Jakarka ba ta fito ba, kada ka bar zauren ɗaukar kaya sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin ka karɓi lambarta. Ƙaramar takardar da aka manna maka a katin shiga jirgi ita ce shaidarka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, jakar da ta lalace ana kai ƙorafinta a rubuce cikin kwana 7, wadda ta makara cikin kwana 21 daga ranar da ka karɓe ta, wadda kuma ba ta zo ba bayan kwana 21 ana ɗaukarta ta ɓace. Ajiye rasit na duk abin da ka saya na dole a tsakani.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, in an soke jirgi a ƙurarren lokaci ko an hana ka shiga saboda an sayar da kujeru fiye da kima, kotun Tarayyar kuma ta haɗa da jinkirin awa uku zuwa sama wajen isa. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da wanda ya shiga in kamfanin na Tarayyar ne. Ba a biya in dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi, amma ko a nan abinci da wurin kwana suna wuyansa. In aka miƙo maka takardar rangwamen tikitin gaba a madadin kuɗi, karanta ta kafin ka sa hannu, domin kana da damar cewa kuɗi kake so.