Yadda za ka bi da wanda ya taka dokar ladabi a aikin buɗaɗɗiyar manhaja

In kai ke kula da aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta ya kuma sa hannu, da farko dai ka tabbatar dokar tana nan a rubuce, a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, fayil ne mai suna CODE_OF_CONDUCT.md, yawanci wata shiryayyar dokar ladabi mai suna Contributor Covenant ake ɗauka a ɗan gyara, har masu Linux, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, sun karɓe ta a 2018. Ka sa imel ɗin kai ƙara a ciki, in ba haka ba wa za a faɗa wa?

In ƙara ta zo ka amsa wa mai ƙorafin a asirce cewa ka gani, kar ka bar shi yana ta jira. Sai ka ɗauki hoton maganar nan take, don wasu da sun ji motsi sai su goge su ce ai ba su faɗa ba.

Kar ka yanke hukunci kai kaɗai, balle in mai laifin abokinka ne ko shi ke rubuta rabin aikin, nan fa ake jin nauyi wallahi. Ku zauna ku biyu ko uku, ku ji ta bakinsa shi ma.

Hukuncin hawa-hawa ne, a ja masa kunne a keɓe, in ya sake a yi gargaɗi, sannan dakatarwa ta ɗan lokaci, kora gaba ɗaya ita ce ta ƙarshe. In musun ya yi zafi ka kulle tattaunawar kawai.

Sunan mai ƙara kuwa ba a fitar da shi. Ka rubuta abin da kuka yanke da ranar, ka adana.