Yadda za ka binciki tarihin mai neman shugabanci da ya ce ya koyar a lakwal kuma ya yi wa jama'a hidima

A Maradi da wuya a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba a ga tsofaffin malaman lakwal cikin masu neman kujerar kansila ba, kuma tun da kansiloli ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, mushen, wato malamin lakwal, da aka jefa wa ƙuri'a a unguwa yana iya wayar gari shi ke riƙe da kuɗin gari. An yi irin wannan zaɓe a 2004 da 2011 da Disambar 2020, sannan a 2024 aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. Duk da haka neman shugabanci bai tsaya ba, domin ana ci gaba da gabatar da mutane a kwamitocin unguwa da ƙungiyoyi, kuma kalmar da ake fara yabonsu da ita ita ce wane ya daɗe yana koyarwa. Wannan magana tana da sauƙin bincike, domin malami yana barin shaidu masu yawa duk inda ya zauna.

Ka fara da neman bayani filla-filla daga bakin mutumin ko na kusa da shi: wace lakwal ce, daga wace shekara zuwa wace, wane aji ya riƙe, kuma da wane matsayi ya shiga aikin. Wanda ya koyar da gaske ba ya jinkirin cewa ya riƙe CI, ajin farko na firamare, shekara uku a wani ƙauye na Dakoro kafin a mai da shi Tasawa a ba shi CM2, ajin ƙarshe. Ka tambaya ko ya yi horo a makarantar malamai ta Bawa Jan Gwarzo ko da kwantaragi ya fara, amma kada ka raina ɗan kwantaragi, domin su ne suka ɗauki yawancin azuzuwan ƙasar nan bisa ɗan abin da ake ba su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka raba shekarun da ya yi da alli a hannu da waɗanda ya yi a biro, wato ofis, saboda akwai wanda sunansa ya shekara 20 cikin jerin malamai alhali bai cika 3 a gaban allo ba.

Daga nan sai ka taka da ƙafarka zuwa inda ya koyar, ko da lakwal ɗaya ce, kuma ya fi kyau ka zaɓi ta karkara, inda idon ansfekta ba ya kaiwa kullum. Ka fara gaida mai gari ko mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka, kada ka tafi da ayari, kuma kada ka bari wani na mutumin ya yi maka rakiya. Waɗanda za ka nema su ne tsofaffin ƴan kwamitin kula da lakwal, wanda a da ake kira COGES yanzu kuma CGDES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta uwaye mata, da waɗanda suka zauna ajinsa suka girma. Kada ka manta da mai gadi da matar da ke sayar da ƙosai a bakin lakwal, domin su ne suka san wanda ke zuwa da safe da wanda ba a gani sai rana ta take.

Kada ka tambaya ko mutumin kirki ne, domin Bahaushe ba ya kushe wanda ba ya nan a gaban baƙo, kuma amsar da za ka samu ita ce ba shi da laifi. Ka tambayi abin da ya auku. Ka ce wa dattijo: "Baba, in Mushe ya tafi birni amsar albashi, kwana nawa yake yi kafin ya komo?" Ka ce wa uwa: "Inna, da aka fidda ɗiyar wani daga aji za a yi mata aure, ya je gidan ya yi magana?" Wannan tambaya tana da nauyi a jiharmu, musamman tun da aka fitar da doka a 2017 mai kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Idan ya taɓa zama dirakta, ka bi sawun kuɗin karo-karon iyaye: ana kiran babban taro a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, ko kuwa shi da ma'aji kaɗai suka sani? A ganina wannan ita ce jarrabawa mafi girma, domin wanda ya kasa yin bayanin jaka hamsin ta alli da tabarmi ba a sa ran ya yi bayanin miliyoyin gari.

Hidimar jama'a kuma ana auna ta da lokacin da aka yi ta, da aljihun da kuɗin ya fito, da ko abin yana nan yana aiki. Famfon da aka gina ana saura wata biyu zaɓe, ka je ka ga ko yana ba da ruwa. Idan wata ƙungiyar agaji ce ta biya, ba laifi, amma a faɗa, sannan a nuna abin da shi ya yi: ya rubuta takarda, ya yi zirga-zirga, ko ranar buɗewa kaɗai aka gan shi. Ka tambayi matasan fada, wato majalisar hirar samarin unguwa, ko yana fitowa gayyar yashe magudanai kafin damina. Ka tambayi asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashi da bashi na mata da ya samo asali a jihar Maradi a 1991, ko ya taɓa taimaka musu da lissafi ko rubutu ba tare da ya nemi wani abu ba. Ni dai ba na wuce batun azuzuwan zana, domin gobarar Nuwambar 2021 da ta ci yara fiye da 20 a cikin birnin nan tana zukatanmu har yau. Duk mai cewa ilimi ne damuwarsa ya kamata ya nuna aji ko ɗaya da ya yi fafutika aka mai da shi na bulo.

Idan ya taɓa zama kansila, ka nemi ganin takardun zaman majalisa, domin tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ɗawainiyar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, kuma takardun suna nuna wanda ya halarta da abin da aka yanke.

Ka yi adalci wajen auna abin da ka ji. Shiga yajin aikin malamai ba aibi ba ne, kuma zargin da ya fito daga baki ɗaya bai isa hujja ba sai ka ji shi daga mutum uku da ba su haɗa gida ko ɓangare ba. Kafin ka tura komai a WhatsApp, ka same shi ka yi sallama, ka ce: "Malam, ga abin da na ji a inda ka koyar, ina so in ji daga bakinka." Ka rubuta amsarsa da ranar da ya ba ka ita, sannan ka koma wurin ƴan kwamitin lakwal ɗin ka karanta musu.