Yadda na gyara GPS ɗin da ya hana ni gano akwatin geocaching

Geocaching wasa ne na neman ɗan akwati ko gwangwani da wani ya ɓoye, ta hanyar bin lambobin wurin a GPS. Sati biyu ina zagaye wuri ɗaya kamar ɗan akuyar da aka ɗaure, na'ura na cewa na iso amma babu akwati babu alamarsa. Garmin eTrex ce na aro wajen yayana mai aikin safiyo. Na zargi batir na canza, na tsaya a fili minti 10 ko sigina ce, har na fara cewa yara ne suka ɗauke.

Ashe Map Datum ɗin, wato ma'aunin da na'urar ke fassara lambobin wuri da shi, a kan tsarin Minna yake, wanda masu auna filaye a Najeriya ke aiki da shi, alhali lambobin geocaching duk na WGS 84 ne. Na shiga Setup, Position Format, na mayar da Map Datum zuwa WGS 84, tsarin lambobin kuma hddd°mm.mmm'. To nan ne inda na kusa sake yin kuskure, wurin da na riga na shigar ba ya gyaruwa da kansa, sai da na goge shi na sake buga lambobin.

Ko minti 5 ban yi ba sai ga ɗan gwangwanin a ƙarƙashin dutse. Na jira masu wucewa suka wuce, na rubuta sunana da kwanan wata a ɗan littafin da ke ciki, na mayar yadda na same shi. Alhamdulillah, Yaya na gode, zan mayar maka da Minna ɗinka.