Darasi na Bakwai: 'Yan Gayyar Soɗi a Cikin Kwamfuta

Wata ɗalibarmu ta ajin yamma ta zo da kwamfutar ɗanta tana kuka da ita. Ta ce, "Malam, abu ɗaya kawai na saka, na kallon bidiyo, amma yanzu ko'ina talla ce." Da muka buɗe, sai ga manhajoji uku da ba ta san da su ba. Shafin da burauza, wato manhajar shiga intanet, ke buɗewa da shi ya canja, data kuma tana zuba kamar ruwa a kwando.

Ga yadda abin yake. Mai manhaja yana ba da ita kyauta, sai wani kamfani ya biya shi kuɗi don ya cusa tasa manhajar a ciki. Duk wanda ya saka, an samu riba a kansa. Ba ƙananan shafuka kaɗai ke yin haka ba. A da, shekaru da dama manhajar Java ta riƙa zuwa da Ask Toolbar, wani layin bincike da ke maƙalewa a burauza, an riga an sa masa alamar amincewa tun kafin a tambayi mutum. A 2015, shafin sauke manhajoji na SourceForge ya naɗe manhajar gyaran hoto ta GIMP da kayan talla ba da yardar masu ita ba.

Tarkon yana wajen danna Next lokacin saka manhaja. Yawancinmu muna danna shi da sauri don mu gama, ba mu karanta abin da ke gabanmu. Ku tsaya a kowane shafi. In kun ga ƙaramin akwati da alama a ciki, da sunan wani abu da ba shi kuka nema ba, ku danna akwatin alamar ta fita. In an ce ku zaɓa tsakanin Express da Custom, ku ɗauki Custom, domin a nan ake nuna abin da aka ɓoye. Decline da Skip suna nufin "ba na so", kuma danna su a shafin da ke tallata wani baƙon abu ba ya hana manhajarku shiga. Wanda Turanci ke ba shi wuya ya kira wani ya karanta masa, babu kunya a ciki.

Akwai kuma manhajojin da masu su suka buɗe asalin rubutunsu, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Saboda idanu da yawa suna kansu, cusa baƙon abu yana da wuya. Don bidiyo da sauti akwai VLC, wadda ɗalibai suka fara a Faransa. Don rubuta wasiƙa da lissafin shago akwai LibreOffice, tana nan tun 2010, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. 7-Zip tana kwance fayil da aka matse don rage girmansa, Firefox kuma ta shiga intanet ce. Ni dai VLC nake fara saka wa duk wanda ya kawo mini sabuwar kwamfuta. Amma ku sauke su daga gidansu, kamar videolan.org da libreoffice.org, domin masu cusa talla suna ɗaukar waɗannan ma su sake naɗewa.

Aikin gida: ku buɗe Settings, ku shiga Apps, ku rubuta a littafinku sunan duk manhajar da ba ku tuna kun saka ba. Kada ku goge komai tukuna, wasu na kwamfutar ne kanta. Ku zo da sunayen mu duba tare.