Yadda ake hawan tsaunukan Shere da iyali a dawo kafin magariba

Sau uku ina kai iyalina tsaunukan Shere da ke gabashin Jos, na kuma ga iyalai da dama sun je sun dawo a galabaice. Kowa tsoron hawa yake yi tun daga gida, alhali saukowa ce ke kayar da mutane.

Ku fara da zaɓen wata. Ni Nuwamba nake so: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. A Janairu sai ku sha wahalar hawa ku tarar ƙura ta rufe garin, ba abin kallo. Damina kuwa kada ma a fara, dutsen nan in ya jiƙe santsinsa ya fi na sabulu. Garin Jos kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai wajen mita 1,829, don haka a sa wa yara rigar sanyi da safe, ko da za su cire ta kafin hantsi.

Ana idar da sallar asuba ku kama hanya ta Lamingo, ƙarfe bakwai ta same ku a gindin dutse. Ku nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, ko ku yi tambaya a cibiyar horar da matasa da aka fi sani da Man O' War. Tun jajibiri za a kira shi a ji halin da ake ciki game da tsaro. A yi ciniki a ƙasa, a faɗa masa akwai mata da yara, kuma doron dutsen kuke son bi, ba lallai sai ƙololuwa ba. In ka bar ciniki sai an sauko, duk abin da ya yanka shi za ka biya.

Silifas haramun ne a tafiyata. Kambas, ko na gwanjo ne, in dai ƙasansa bai cinye ba. Mata su sa wando a ciki, su bar dogon hijabin da ke jan ƙasa a mota. Kowane babba lita biyu na ruwa, da gora ɗaya daban ta alwala. Guzuri: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai. Na taɓa ganin magidanci yana hawa da kular shinkafa a ka, bai kai rabi ba ya ajiye ta.

A kan hanya, wanda ya fi kowa nawa shi ke bin bayan jagora, ƙaƙƙarfan namiji ya tsaya ƙarshe, yara a tsakanin manya. Samari za su yi ƙorafi, ku ƙyale su.

To, ga inda na ci ƙasa. Zuwanmu na farko mu goma sha ɗaya ne, har da gwaggona. Tafiya ta yi daɗi, iska na kaɗawa, ga Jos can ƙasa rufin kwanonta na ƙyalli, duk tudun da muka hau sai mu hango wani a gaba mu ce bari mu ƙarasa wancan. Ba mu juyo ba sai bayan uku. Ashe gwiwar da ta hau lafiya ita ce ke rawa a gangara. Gwaggo ta zauna a kan wani falalen dutse ta ce, "Ɗan nan, ni dai ƙafata ta ƙi." Na ce, "Gwaggo, yi haƙuri ki dafa ni." Haka muka riƙa sauko da ita taku ɗaya-ɗaya, ƙaramar 'yata na kuka a bayan uwarta, ruwa ya ƙare. Shida da 'yan mintoci rana ta faɗi, duhu kuma ba ya jira a wurin nan. Da fitilar waya biyu muka ƙarasa.

Tun daga ranar na kafa doka: sha biyun rana a juyo, ko ina aka kai. A faɗi wannan a gaban kowa tun a mota, don kada wani ya ce saura kaɗan. Ku ba saukowa lokaci daidai da na hawa, da tsoho a cikinku ma ku ƙara awa guda. Rabin ruwanku na dawowa ne, kada a taɓa shi a sama.

Wurin gangara a juya gefe a sauko a karkace, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda dutse ya yi sulɓi a zauna a ja jiki, ba abin kunya ba ne, wando ne kawai zai ji a jikinsa. Mutum ɗaya ke sauka a lokaci guda, sai ya tsaya da ƙafarsa na baya ya biyo, saboda tsakuwar da na sama ya ture kan na ƙasa take zuwa. Kada a riƙe hannu a jere; ɗaya ya zame, ya ja uku. Mai goyo ta miƙa yaron a karɓa daga ƙasa kafin ta sauko. Yara kuma ba gudu, don a gangara ne suke ganin abin wasa ne. Sanda tana taimakon dattawa ƙwarai, jagora zai saro muku a hanya.

Azahar a yi ta a inuwar farko da aka samu a hanyar dawowa. A kwashe leda da gorar da aka sha, a ƙirga kawuna kafin a shiga mota, a sallami jagora, in ya kyauta a ɗora masa wani abu. Tocila dai a jefa ta a jaka tun daga gida. Wanda zai tuƙa ya huta ya sha shayi tukuna.