Kurakuran da ake yi wajen auna dogon yaro a ƙwallon kwando

Duk wanda ya saba zama bakin filin ƙwallon kwando ya san abin da ke faruwa idan yaro mai tsawon mita biyu ya shigo. Hira takan tsaya cak, a bi shi da ido, kafin ya gama ɗaure takalmi wani ya ce, "Wannan ai sai Amurka." Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma na ga yaran da maganar ta cuta. Tsawo ne kaɗai abin da koci ba zai iya koyarwa ba, shi ya sa yake rufe wa mutane ido, har da manyan ƙwararrun da ake biya miliyoyin daloli don su zaɓo 'yan wasa.

A 2009 ƙungiyar Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet, ɗan Tanzaniya mai tsawon santimita 221, a matsayi na 2 a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. James Harden ya zo na 3, Stephen Curry na 7, su biyun kuma daga baya suka zama manyan taurari. A jami'a Thabeet yakan kaɗe ƙwallo sama da 4 a kowane wasa, don tsayuwa kawai yake yi a gindin kwando ana kawo masa. Da ya shiga cikin manya sai aka riƙa janyo shi waje, inda dole ya motsa, ya juya, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido. Tun a kakarsa ta farko aka tura shi ƙaramar gasa. Gyaran wannan kuskure shi ne a sauke ido daga kan yaro zuwa ƙafafunsa. Fito da shi bayan layin maki uku, ka haɗa shi da wani gajere mai wutar gudu, ka ce ya tsare shi. Shin yana iya durƙusawa ya zame gefe ba tare da ya harɗe ƙafafu ba? Idan an wuce shi, ƙugunsa na juyawa nan take, ko sai ya yi kwana kamar tirela? Hakeem Olajuwon bai fara wasan ba sai da ya kai shekara 15 a Legas, amma ya zo da ƙafafun mai tsaron gida da ɗan ƙwallon hannu, kuma a kan ƙafafun nan Houston ta ɗauki kofi a 1994 da 1995. In ma awo za a yi, a auna inda hannunsa ke kaiwa idan ya miƙa shi sama yana tsaye, tunda bakin kwando santimita 305 ne daga ƙasa, kuma da hannu ake tare ƙwallo.

Sai kuma cinikin biri a sama. Bidiyon minti biyu da ake yawo da shi a waya, inda yaro ke ta danna ƙwallo cikin kwando a kan yaran da ba su kai kafaɗarsa ba, ba ya nuna komai sai cewa ya fi su tsawo. James Wiseman wasa 3 kacal ya buga a jami'a kafin Golden State ta ɗauke shi na 2 a 2020. Kalli wasa cikakke, daga farko har ƙarshe, zai fi kyau ma wanda aka lallasa su, ka riƙa bin sa da ido lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raina hannu da kai. Muna da zolayar nan ta "dogo da hankali dace ne," kuma wallahi wasu kociyoyi da ita suke aiki ba su sani ba: a ajiye dogon yaro a gindin kwando, a hana shi riƙe ƙwallo, a ce nasa kawai tsalle da tattara wadda ta dawo. A 2014 sai da aka kira sunaye 40 kafin Denver ta kira Nikola Jokić, wani yaro mai ƙiba daga garin Sombor na Sabiya, wanda ba ya tsalle, ba ya gudu. A daidai lokacin ma tashar da ke nuna zaɓen talla take yi. Ya zama gwarzon NBA sau 3, a 2021 da 2022 da 2024, ya kuma ci kofi a 2023. Abin da masu kallon jiki suka kasa gani shi ne tafin hannu mai laushi da ido mai hango abokin wasa tun kafin ya buɗe.

Wannan ana iya gwada shi a kowane fili. Wurga masa ƙwallo da ƙarfi wajen gwiwa, sannan can gefe inda sai ya miƙa. Mai hannu zai cafke ta shiru, kamar an manna, marar hannu za ka ji "fas", ta buga a tafinsa ta faɗi. Sannan ka sa mutum biyu su rufe shi. Wani yakan sunkuyar da kai ya rungume ƙwallo har a ƙwace, wani kuma yakan ɗaga ta sama da kansa, ya leƙa, ya samu wanda aka bari shi kaɗai a kusurwa. Wannan na biyun ne abin nema, ko da na farkon ya fi shi tsawo da tafin hannu guda. Ka kuma lura da jifarsa daga layin fawul, inda ba mai tare shi: idan ƙwallo na fita daga yatsunsa da taushi, akwai fatan wata rana ya iya jifa daga nesa, abin da yanzu ake nema ga kowane ɗan tsakiya, wato dogon da ke tsayawa gindin kwando.

Lafiyar jiki kuwa ba a yi mata kara. Portland ta ɗauki Sam Bowie gaban Michael Jordan a 1984, alhali ya yi kaka biyu cur bai buga wa jami'arsa ba saboda tsagewar ƙashin ƙauri. A 2007 ta sake ɗaukar Greg Oden gaban Kevin Durant, gwiwa ta hana shi sakat, wasa 105 ya buga duk rayuwarsa a NBA. Amma rauni ba kullum yake zama hukunci ba: Joel Embiid na Kamaru ya yi kaka biyu a zaune saboda ƙashin ƙafa, ya tashi ya zama gwarzon 2023. Bambancin sai likita ya duba, koci ba zai gane shi da ido ba. A filayenmu na siminti abin ya fi tsanani. Akwai wani yaro da na riƙa sakawa wasa yana ce mini, "Koci, gwiwata na zafi," ina ce masa girma ne, zai wuce. Bai wuce ba, kuma har yau nakan tuna yadda yake dafa sandar kwando kafin ya miƙe. Yaron da ke kan girma ya ce wuri na ciwo, a zaunar da shi a kai shi asibiti.

Kada a manta da tambayar shekarunsa na gaskiya da kuma yaushe ya fara. Ɗan 16 da ya fara bara yana tuntuɓe ya fi ɗan 21 da ya shekara takwas yana yin abu ɗaya. Sannan a keɓe da shi, ba gaban iyaye ko abokai ba, a tambaye shi ko shi ke son wasan, ko kuwa tun da ya zarce tsaransa mutane suka riƙa turo shi fili. Amsar baki ba ta isa ba. Ka zo da sassafe ranar da babu atisaye, ka ga ko za ka same shi shi kaɗai yana jifa.